Yadda Ake Fitar da Falakin Tauraron Ɗan'adam Daga Awon Tashar Ƙasa

Tashar ƙasa ba ta ganin falaki. Abin da take iya aunawa kaɗan ne: nisan da ke tsakanin eriya da tauraron, saurin da nisan ke ƙaruwa ko raguwa, sai kusurwa biyu da ke nuna inda eriya ko madubin hangen nesa ya fuskanta. Shi kuwa falakin lambobi shida ne da ake neman su daga waɗannan awo. Za ka iya rubuta su a matsayin lambobi uku na inda tauraron yake da uku na gudunsa a wani lokaci guda da ka zaɓa, wanda ake kira lokacin tushe. Ko kuma ka rubuta su irin na Kepler: girman falakin, yadda ya miƙe ya bar da'ira ya koma siffar ƙwai, karkatarsa daga ikwaita, wurin da yake ƙetare ikwaita yana hawa arewa, wurin da ya fi kusantar duniya, da inda tauraron yake a kansa. Duk ɗaya ne, ana juya wannan zuwa wancan. A cikin kwamfuta an fi aiki da na farko, domin na Kepler yana rikicewa idan falakin ya kusa zama cikakkiyar da'ira, tunda da'ira ba ta da wurin kusanci.

Aikin gaba ɗaya juyin lissafi ne. Idan an ba ka falaki, fitar da abin da tasha za ta gani abu ne mai sauƙi. Kai kuwa abin da tasha ta gani aka ba ka. Don haka za ka yi ƙiyasin falaki, ka lissafa abin da tashar ya kamata ta auna, ka kwatanta da abin da ta auna a zahiri, ka gyara ƙiyasin, ka sake. Bambancin da ke tsakanin awon gaske da na lissafi shi ne giɓi, kuma yawancin ƙwarewar wannan sana'a a karanta giɓin take.

Abin da kowane awo ke bayarwa

Nisa ana samunsa ne daga lokacin da sigina ta ɗauka ta je ta dawo. Nanosakan 1 a tafiyar zuwa da dawowa daidai yake da santimita 15. Rada tana jiran siginar ta bugi jikin tauraron ta dawo. Tauraron da ke da na'urar maimaita sigina kuwa shi ke karɓa ya mayar, kuma wannan na'urar tana da nata jinkirin, haka ma wayoyi da na'urorin tasha. Idan ba a auna jinkirin an cire shi ba, kowane awo zai fito da ƙarin mita goma-goma iri ɗaya. Mafi kyawun awon nisa na leza ne. LAGEOS, wanda aka harba a 1976, ƙwallo ne mai faɗin santimita 60 da aka lulluɓe da madubai 426, yana yawo a nisan kimanin kilomita 5,900 daga doron ƙasa, kuma ana auna nisansa da kuskuren da bai kai santimita ba. Sai dai leza tana son sararin sama garau da tauraro mai madubi.

Saurin canjin nisa daga gocewar Doppler ake samunsa, wato yadda firikwensin sigina (yawan kaɗawarta a sakan) ke ƙaruwa idan tauraron na matsowa, ya ragu idan yana nisanta. Tauraron da ke falakin kusa da ƙasa yana gudun kilomita 7.5 zuwa 7.7 a sakan. Idan yana aika sigina a megahaz 437, za ka ji ta da ƙarin kusan kilohaz 10 lokacin da ya ɓullo, da ragin kusan haka lokacin da zai faɗi. A megahaz 2,200 gocewar tana kai wa kilohaz 50. Wannan shi ne awo mafi arha, kuma da shi William Guier da George Weiffenbach na ɗakin binciken APL a Jami'ar Johns Hopkins suka fitar da falakin Sputnik 1 bayan an harba shi ranar 4 ga Oktoba, 1957, daga siginarsa ta megahaz 20. Matsalarsa ita ce idan sauraro kawai kake yi, ba ka san ainihin firikwensin da tauraron ke aikawa ba. Idan osileta, na'urar da ke samar da firikwensin, ta kauce da kashi 1 cikin miliyan, a megahaz 437 haz 437 ke nan, wanda lissafi zai fassara da gudun mita 300 a sakan. Kuma osiletar ƙaramin tauraro tana gocewa yayin da ya fita daga inuwar duniya ya fara ɗumi. Dole ka sa firikwensin cikin abubuwan da kake nema, kowace wucewar tauraron ta saman tasha da nata.

Kusurwa ita ce mai yaudara. Kuskuren digiri 0.01 a nisan kilomita 1,000 mita 175 ne, amma a nisan kilomita 36,000 ya haura kilomita 6. Madubin hangen nesa da ke ɗaukar hoton tauraron tare da taurarin sama a bayansa yana iya kai wa sakan 1 na kusurwa, wato mita 175 ɗin nan a kilomita 36,000. Shi ya sa a falaki mai nisa ba a dogara da kusurwar eriya sai don fara ƙiyasi.

Kafin a taɓa falaki: tasha da agogo

Galibin lissafin da ke lalacewa tun a nan yake lalacewa. Ana lissafa falaki ne a ma'aunin da bai juyawa da duniya, ita kuwa tasha tana manne da ƙasa, ana juyawa da ita. A kan ikwaita doron ƙasa yana gudun mita 465 a sakan. Kusurwar juyin duniya da lokacin UT1, wanda ke bin juyin duniyar kanta, ake lissafa ta, ba UTC na agogo ba, kuma bambancin su biyun yana iya kai wa sakan 0.9. Wanda ya yi banza da shi zai iya ajiye tasharsa mita 400 daga inda take. Hukumar IERS mai bibiyar juyin duniya ce ke fitar da wannan adadi, tare da na tangaɗin da sandar duniya ke yi, wanda ke motsa tasha da kamar mita 10.

Sai latitud. Wanda GPS ke bayarwa ana auna shi ne bisa siffar duniya mai ɗan baje a tsakiya, ba daga cibiyar duniya ba. Idan ka ɗauke shi ka saka a lissafin ƙwallo zagayayye, a wajen digiri 45 kuskuren ya kai digiri 0.19, fiye da kilomita 20 a ƙasa. Tsayin tasha ma iri biyu ne, na bisa teku da na bisa siffar lissafi ta WGS84, kuma a wasu wurare tsakaninsu ya kusa mita 100. Ko yanke lambobi bayan ɗigo yana da farashi: digiri 0.001 na latitud mita 111 ne.

Agogo ya fi duk waɗannan haɗari. Milisakan 1 mita 7.5 ne a tafiyar tauraron. Lokacin GPS yana gaban UTC da sakan 18 tun farkon 2017, TAI, lokacin agogon atom na duniya, kuma yana gaba da sakan 37. Wanda ya haɗa awon tasha mai rubuta lokacin GPS da na mai rubuta UTC bai daidaita ba, ya raba tauraronsa gida biyu, tsakaninsu kilomita 135. A kuma tambayi mai tasha lokacin da ke jikin kowane awo na yaushe ne: na tura sigina, na karɓarta, ko na tsakiyar tazarar da aka tara Doppler? Sigina tana ɗaukar milisakan 3.3 ta ci kilomita 1,000, kafin nan tauraron ya matsa mita 25, don haka dole a lissafa inda yake lokacin da siginar ta bar shi.

Iska ma tana da nata kason. Iskar ƙasa-ƙasa tana jinkirta sigina da kimanin mita 2.3 idan tauraron yana tsakar ka, ban da ɗan ƙarin da tururin ruwa ke kawowa. A ɗagawar digiri 10 jinkirin ya kai mita 13, a digiri 5 ya kusa 25. Ana gyara shi da lissafin Saastamoinen ko makamancinsa, da awon matsin iska da zafi na tashar. Ayonosfiya, iskar can sama mai ɗauke da cajin lantarki, kuwa jinkirinta yana raguwa da murabba'in firikwensi: yanayin da zai ba da mita 4 a megahaz 2,200 zai ba da fiye da mita 100 a megahaz 437. Ra'ayina, a aikin yau da kullum a jefar da duk awon da ke ƙasa da digiri 5, idan kuma ba a da awon yanayi a ɗaga zuwa 10. Ana asarar gefen wucewa mai amfani, amma ya fi shigar da kuskuren da ba ka san girmansa ba.

Ƙiyasin farko

Gyaran da za a yi nan gaba yana buƙatar wurin farawa da bai yi nisa da gaskiya ba. Ga sabon tauraro, kamfanin da ya harba shi kan ba da inda ya sake shi da gudunsa. Ga wanda aka sani, akwai TLE, wato layuka biyu na lambobin falaki da ake wallafawa. Idan babu ko ɗaya, sai a koma ga tsofaffin hanyoyi.

Mai rada yana da nisa da kusurwa biyu, wato kowane awo yana ba shi wuri cikakke. Da wurare uku, hanyar Gibbs tana fitar da gudu a na tsakiya. Tana da kyau idan wuraren sun yi nisa da juna da fiye da digiri 5. Idan sun matsu ƙasa da digiri 1, lissafinta yana narkewa cikin kuskuren awo, sai a koma Herrick-Gibbs. Da wurare biyu da lokacin da ke tsakaninsu, matsalar Lambert ke nan, wato neman falakin da ya haɗa su.

Mai kusurwa zalla hanyar Gauss ce tasa. Giuseppe Piazzi ya gano Ceres daga Palermo ranar 1 ga Janairu, 1801, ya bi ta kimanin kwana 40 kafin hasken rana ya ɓoye ta. Carl Friedrich Gauss, yana ɗan shekara 24, ya fitar da falakinta daga wannan ɗan guntun awo, aka kuma sake ganinta a Disambar shekarar kusa da inda ya ce. Hanyar tana ɗaukar kallo uku ta kai ka ga lissafi mai daraja ta takwas, wanda amsarsa ita ce nisan tauraron daga cibiyar duniya. Wani lokaci amsoshi masu yiwuwa sukan fi ɗaya, sai a tace da kallo na huɗu. Tana kuma mutuwa idan layukan kallon uku sun kwanta a shimfiɗa ɗaya, kamar idan tauraron ya bi ta tsakar kan tasha.

Mai Doppler zalla yana da abu biyu a kowace wucewa. Inda lanƙwasar ta fi tsayuwa shi ne lokacin da tauraron ya fi kusa, tsananin tsayuwar kuma yana faɗin nisan. A megahaz 437, tauraron da ya bi tsakar ka a kilomita 500 yana sauke firikwensi da wajen haz 150 a sakan, wanda ya bi ta gefe a kilomita 1,500 kuwa wajen haz 50. Abin da wucewa ɗaya ba ta bambanta shi da kyau shi ne gabas ya bi ko yamma, domin siffar kusan ɗaya ce, juyin duniya ne kawai ke ɗan raba su. Wucewa biyu a jere suna ba da tsawon zagaye, daga nan doka ta uku ta Kepler ta ba da girman falaki: a³ = μT²/4π², inda a yake girman falaki, T tsawon zagaye, μ kuma adadin jan duniya, 398,600.4418 a ma'aunin kilomita da sakan. Zagayen minti 93 yana ba da kilomita 6,800 daga cibiya, wato kimanin 420 daga doron ƙasa, irin na tashar sararin samaniya ta ISS.

Zagayen gyara

Yanzu ka ɗauki ƙiyasin, ka tafiyar da shi a kwamfuta daga lokacin tushe zuwa lokacin kowane awo, ka fitar da giɓi. Sannan kana buƙatar sanin yadda kowane awo zai canja idan ka taɓa kowace lamba cikin shidan. Hanya mai sauƙi ita ce ka ƙara mita 1 a wuri ko milimita 1 a sakan a gudu, ka sake tafiyar da falakin, ka ga bambanci. Manhajoji irin su Orekit da GMAT suna lissafa wannan tare da falakin kansa. Sakamakon jadawali ne, A, mai layi ɗaya ga kowane awo. Kowane awo kuma yana da nauyi, 1/σ², inda σ take girman warwatsuwar da kake tsammani daga na'urar. Gyaran shi ne δx = (AᵀWA)⁻¹AᵀWb, W jadawalin nauyin ne, b kuwa giɓin ne. Wannan ita ce hanyar rage jimlar murabba'in giɓi, wadda Legendre ya fara wallafawa a 1805, Gauss ya biyo a 1809. Ka ƙara gyaran a kan ƙiyasi, ka sake daga farko. Idan komai lafiya, zagaye uku zuwa shida sun isa.

Idan ya ƙi zama, kada ka ƙara yawan zagaye. Ka gajarta awon zuwa wucewa ɗaya ko biyu da ke kusa da lokacin tushe, ka samu amsa, sannan ka riƙa faɗaɗawa. Ƙiyasin da ya kauce kaɗan a girman falaki, bayan kwana uku zai ajiye tauraron ɗaruruwan kilomita daga inda yake, kuma a irin wannan nisa jadawalin A ba ya faɗin gaskiya. Haka nan a guji juya AᵀWA kai tsaye idan awon ba shi da ƙarfi, domin ninka A da kansa yana ninka rauninsa. A yi amfani da hanyoyin rarraba jadawali na QR ko SVD.

Ana jefar da awon da giɓinsa ya haura σ sau uku, amma ba a zagayen farko ba. A farko kowane giɓi babba ne. Wanda ya matsa tun da wuri zai ga manhajar ta zubar da dukkan awon tasha ta biyu, ta manne wa ta farko, ta ba shi giɓi ƙanana da falaki karkatacce. Kullum a duba wane awo aka zubar, daga wace tasha, a wane ɓangare na wucewa.

Tafiyar da falakin kanta tana buƙatar a san abin da ke jan tauraron. Jan duniya a kilomita 400 ya kai mita 8.7 a sakan a sakan. Kumburin ikwaita, wanda ake kira J2, kusan kashi 1 cikin 1,000 ne na wannan, amma shi ke juya shimfiɗar falakin ISS yamma da kusan digiri 5 kowace rana, shi ne kuma ke ba taurarin da ke karkace digiri 98 damar juyawa digiri 0.9856 a rana su bi rana. Ba a yin lissafin da ya wuce 'yan mintuna babu shi. Sauran ƙullutun jan duniya ana ɗauko su daga samfuran jan duniya na EGM96 ko EGM2008, ana yankewa a inda ya dace da tsayin tauraron. Jan wata da rana da matsin hasken rana ƙanana ne a ƙasa-ƙasa, amma su ne manya a kilomita 36,000.

Tirjiyar iska ita ce ciwon kai. Lissafinta a takarda mai sauƙi ne, amma kaurin iska a kilomita 400 yana iya ninkawa sau goma tsakanin shekarun da rana ke kwance da waɗanda take tashe, kuma guguwar maganaɗisu tana canja shi cikin sa'o'i. A Fabrairun 2022, kusan 40 daga cikin taurarin Starlink 49 da aka harba sun faɗo saboda irin wannan guguwa ta kumbura iska a tsayin kilomita 210 da aka sake su. Samfuran iska irin su NRLMSISE-00 suna cin alkaluman F10.7 na ƙarfin rana da Ap na motsin maganaɗisun duniya, kuma ko an ba su na gaskiya suna kuskure da kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari. Shi ya sa ake fara ma'aunin tirjiya a 2.2, sannan a bar lissafi ya nemo shi a matsayin lamba ta bakwai. Amma kada a nemi wannan lamba da awon sa'o'i kaɗan. Tasirinta bai taru ba tukuna, kuma za ta fito da adadi na banza, har da wanda ke ƙasa da sifiri.

Abin da siffar giɓi ke faɗa

Giɓin lafiya ba shi da siffa. Yana warwatse sama da ƙasan sifiri, kuma idan aka raba shi da σ, matsakaicin girmansa yana kusa da 1. Duk wata siffa da ido ya kama, akwai abin da aka bari.

Giɓin nisa da ya zauna gefe ɗaya a duk wucewar tasha guda, jinkirin na'ura ne. Wanda ya ɗaga a farko da ƙarshen wucewa ya kwanta a tsakiya, iska ce ba a gyara daidai ba. Wanda ya fara a sama, ya ƙetare sifiri daidai lokacin kusanci, ya ƙare a ƙasa, to ko agogo ne ko tauraron yana gaba ko baya da inda ka ajiye shi. A nan gizo ke saƙa, domin ga tasha ɗaya waɗannan biyun kamarsu ɗaya: agogon da ya makara milisakan 10 da tauraron da ya matsa mita 75 a kan hanyarsa giɓi guda suke bayarwa. Lissafi zai haɗiye kuskuren agogon ya mayar da shi falaki, giɓin ya ɓace, ba kuma za ka sani ba sai ranar da tasha ta biyu ta shigo. A Doppler, wannan kuskuren yana fitowa ne a matsayin tudu a tsakiyar wucewa. Giɓin da ke girma daga wucewa zuwa wucewa, yana ƙara sauri da tafiyar kwanaki, tirjiyar iska ce. Wanda ya yi kyau har zuwa wani lokaci sannan ya watse gaba ɗaya, tauraron ya kunna injinsa ba a gaya maka ba. Sai ka raba awon gida biyu a wurin.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, kuma lissafinsa gajere ne. Kuskuren δa a girman falaki yana sa tauraron ya goce a kan hanyarsa da 3π × δa a kowane zagaye. Mita 100 sun zama mita 940 a zagaye ɗaya, kusan kilomita 15 a yini ga mai zagaye 15 da rabi. Kuskuren mita 1 a sakan a gudu kuwa yana ba da δa na kilomita 1.8, wato gocewar kusan kilomita 17 a zagaye guda. Wucewa ɗaya ba ta haura minti 10 zuwa 12, kashi ɗaya cikin tara na zagayen. Falakai da yawa masu girma dabam-dabam suna iya bi ta wannan ɗan guntu su dace da awonka sarai, su rabu bayan tauraron ya faɗi. Ko ka ɗauki awo 10,000 a cikin wucewar, wannan ramin yana nan. Awo 20 daga wucewa ta biyu bayan sa'o'i goma sha biyu sun fi su amfani, domin tazarar lokacin ce ke matse girman falakin. Haka ma tasha biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, sun fi tasha biyar da ke gefe ɗaya na duniya, saboda miƙewar falaki ba ta bayyana sai an gan shi daga ɓangarori biyu.

Saboda haka ba na yarda da jadawalin shakka da lissafi ke fitarwa, wato (AᵀWA)⁻¹, yadda yake. Yana ɗauka cewa kowane kuskure warwatsattse ne. Awo 10,000 masu σ na mita 5 za su sa ya yi iƙirarin 'yan santimita, alhali jinkirin mita 20 da ba a cire ba yana zaune a cikin kowanne. Amfaninsa na gaske shi ne nuna alaƙar lambobin da juna. Idan alaƙar biyu ta kai 0.99, awonka bai iya raba su ba, sai ka tsayar da ɗaya ko ka nemo wani irin awo.

Matatar Kalman, wadda Rudolf Kalman ya wallafa a 1960 kuma Stanley Schmidt na cibiyar Ames ta NASA ya daidaita ta don tafiyar Apollo, tana yin wannan aiki awo bayan awo maimakon a tara. Ta dace da aikin da ake son amsa nan take. Cutarta sananniya ce: shakkarta tana ta ƙanƙancewa har ta daina sauraron sabon awo, falakin ya kauce tana ganin daidai take. Maganin shi ne a riƙa ƙara mata ɗan shakka a kowane mataki, gwargwadon rashin sanin da ake da shi na tirjiya.

Tauraron da ke tsaye a kilomita 35,786 bisa ikwaita nasa matsalar dabam ce. Bai cika motsi a idon tasha ba, Doppler kusan sifiri, nisan kuma ɗan lilo kawai yake yi a yini. Tasha ɗaya ba ta iya raba jinkirin na'urarta da longitud ɗin tauraron da kyau, abin ya fi muni idan tana kan longitud ɗaya da shi. Masu kula da irinsa suna auna nisa daga tasha biyu masu nisa da juna na aƙalla yini ɗaya ko biyu, don su riƙe shi cikin akwatin digiri 0.05 ko 0.1 da aka ba shi.

TLE kuma a yi hattara da shi. Lambobinsa matsakaita ne, an gina su don lissafin tafiyar da falaki na SGP4 kaɗai. Girman falaki na zahiri yana lilo da kilomita 6 zuwa 10 a cikin zagaye saboda J2, don haka wanda ya ɗauki lambobin TLE ya zuba kai tsaye a manhajar tafiyar da falaki zai goce da ɗaruruwan kilomita a yini. Abin da SGP4 ke fitarwa ma a ma'aunin TEME yake, wanda yanzu ya bambanta da ma'aunin J2000 da aka saba aiki da shi da kusan digiri 0.35, wato kilomita 40 a falakin kusa. Ko an yi komai daidai, kuskuren TLE kamar kilomita 1 ne a lokacin tushensa, yana ƙaruwa da kilomita 1 zuwa 3 a rana. Ya isa a juya eriya, bai isa a gwada ingancin falakin da aka fitar da awon nisa ba.

Gwajin da ya dace shi ne a ajiye wucewa ta ƙarshe a gefe, kada ta shiga lissafi. A fitar da falaki da sauran, a yi hasashen wadda aka ajiye, a duba giɓinta. Ko kuma a fitar da falaki biyu daga awon kwanaki da suka ɗan hau juna, a kwatanta su a inda suka haɗu, a rarraba bambancin zuwa sama-da-ƙasa, gefe, da gaba-da-baya. Na gaba-da-baya ne zai fi girma kusan kullum, kuma wannan adadin ne ake ba mai juya eriya ko mai lissafin kauce wa karo.